Darasin Lafiya: Ƙaba da Aikin Fiɗa

Karatu: Markus 2:1-12. Shugaban ƙungiya ya sa a karanta kafin a shiga darasi.

Darasinmu na wannan wata a kan wani ciwo ne wanda kowa ya san shi amma ba mai son ambatonsa a gaban jama'a, watau ƙaba. Likitoci sun lissafta cewa cikin maza 100, wajen 27 za su gamu da ita kafin ƙarshen ransu. Cikin mata 100 kuwa wajen 3 ne. To, ku ƙirga mazan da ke ƙungiyarku ku gani. Daga ƙasar Bichi har Dambatta, daga Kunchi har Minjibir, da wuya a sami ƙungiyar da ba ta da mai ita, ko da ya ɓoye.

Abin ya shafe mu ƙwarai saboda irin noman da muke yi. Ƙasarmu ta cika da mutane, gona na manne da gona, ba saura, ba a barin wuri ya huta. Abin da ke riƙe da ƙasar shi ne taki, taki kuwa ɗaukarsa ake yi. Da ƙugu ake ɗora wa jaki mangala, da ƙugu ake huɗa, da shi ake ɗaga dami a kai rumbu, da shi ake jan guga. In ƙugun maigida ya kasa, gida duka ya kasa.

Mene ne ƙaba?

Ciki kamar buhu yake. Hanji na ciki, tsoka kuma ta kewaye shi kamar bango. A ƙasan mara, dama da hagu, akwai wani wuri inda bangon ba shi da kauri, gama ta nan ne 'ya'yan maraina suka bi suka sauka tun yaro yana cikin uwarsa. A wajen waɗansu wannan hanya ba ta rufe sarai ba. A wajen waɗansu kuma tsokar ce takan saki da tsufa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sa'ad da mutum ya yi nishi, ko ya ɗaga kaya mai nauyi, ko tari ya daɗe masa, ko yana yunƙuri wajen fitsari ko bayan gida, sai hanji ya tura ta wannan kafa ya leƙo ƙarƙashin fata. Kumburin da ake gani ke nan.

Alamarta ba ta da wuyar ganewa. In mutum ya tsaya ko ya yi tari sai ta fito, in ya kwanta rigingine sai ta koma, wani lokaci har da ɗan ƙugi. Da fari kamar ƙwan zabo take. In an bar ta shekara da shekaru sai ta sauka cikin maraina, har ta kai mutum ga canza irin wandon da yake sawa.

Mutane sukan haɗa ta da gwaiwa ta ruwa, amma ba ɗaya ba ne. Ita wannan ruwa ne ya taru kewaye da ɗan maraina, ba ta komawa in an kwanta, ba ta kuma cika kisa ba, ko da yake ita ma aiki ne maganinta. Kaluluwa kuma dabam ce, takan biyo bayan miki a ƙafa. Likita ne zai rarrabe muku. Mata ma su lura. Akwai wata ƙaramar ƙaba da takan fito musu a saman cinya, ba ta da girma, amma ta fi ta maza saurin kawo hatsari. Cibiyar jariri da ta turo kuwa, yawanci takan rufe da kanta kafin yaro ya shekara 5, kada a ɗaure masa kwabo ko tsumma a kai. Amma jaririn da kumburi ke fito masa a mara in yana kuka, a kai shi asibiti, kada a ce sai ya girma.

Ku riƙe wannan da kyau: ƙabar mara ba ta warkewa da sassaƙe, ko jiƙo, ko ƙwaya, ko allura. Kafa ce a jikin tsoka. Buhun da ya yage ba a ba shi magani ya sha, ɗinke shi ake yi. Mai tallar magani da lasifika ranar kasuwa zai ce nasa yana narkar da ita cikin kwana bakwai. Kuɗinku kawai zai narkar.

Ranar da ta shaƙe

Mutum yakan zauna da ƙaba shekara goma tana fita tana komawa, har ya ce sun saba da juna. Hatsarin a nan yake. Dukanmu mun taɓa ganin akuya ta zura kai ta kafar darni don ta ci ganyen wake. Kai ya shiga, amma da ta zo fitarwa ƙahoni suka hana. Tana ja, wuya yana ƙara shaƙewa. Haka hanji yakan yi. Wata rana sai ya fito da yawa, bakin kafar ya matse shi, ya kumbura, ya ƙi komawa. Jinin da ke ciyar da wannan yanki na hanji ya tsaya. Cikin kamar awa 6 hanjin yana iya fara mutuwa. In ya ruɓe ya fashe, ƙazanta ta zube cikin ciki, rai yana bakin ƙofa.

Ga yadda za ku gane. Kumburin ya yi tauri, yana zafi ƙwarai, ko taɓawa ba a yi, an kwanta bai koma ba. Sai amai, wani lokaci kore ko mai wari. Ciki ya kumbura, ba bayan gida, ba fitar iska. In kun ga haka, ko da tsakar dare ne, ko ana ruwa, ko gobe ce ranar shuka, a tashi a tafi asibitin da ake fiɗa. Kada a ba shi abinci, kada a ba shi kunu ko ruwa, gama likita yana bukatar cikin ba kome kafin a sa shi barci. Kada a ba shi maganin wankin ciki. Kada ƙarti su taru su danna kumburin da ƙarfi, domin suna iya mayar da mataccen hanji ciki. Kada kuma a bari a yi masa sakiya ko tsaga ko ƙaho a wurin. Wanzami yana da sana'arsa, ba mu raina shi ba, amma abin da ke ƙarƙashin wannan fata hanji ne, askarsa kuwa ba ta da hurumi a nan.

Abin da ya fi ba mu tausayi shi ne yadda kwanaki ke tafiya. Ranar fari a ce bari mu gani zuwa safe. Rana ta biyu a je kemis a yi allura a sa ruwa. Rana ta uku a shiga neman rance da neman mai sayen akuya. Rana ta huɗu a isa asibiti, sai kuma a ce likita ya kasa. Aikin da dā zai ɗauki ƙasa da awa ɗaya ya zama babbar fiɗa, a buɗe ciki, a yanke ruɓaɓɓen hanji, a haɗa sauran, a ƙara jini, a kwana biyu ko uku ba a san inda aka nufa ba. Kuɗin ya ninka sau da yawa, kuma ba kowa ne ke tashi ba.

Wane ne likitan fiɗa?

Likitoci iri iri ne. Akwai na ido, kamar waɗanda ke asibitin ido na ECWA a Kano, wanda mishan ta buɗe a 1943. Akwai na ƙashi, kamar na asibitin Dala. Akwai na mata da haihuwa. Wanda darasinmu ya shafa shi ne likitan fiɗa na gaba ɗaya, wanda yawancin aikinsa a ciki yake: ƙaba, toshewar hanji, hujewar hanji, afendis, matsarmama, basir. Shi ne kuma mai cire maƙoƙo da ƙullutun nono, mai kula da ƙuna da miki mai zurfi da raunin hatsarin mota. Kafin ya kai nan sai ya yi shekara 6 a makarantar likita, ya yi shekara guda ta gwaji a asibiti, ya yi bautar ƙasa, sa'an nan ya ƙara wajen shekara 5 ko 6 a ƙarƙashin manya, ya ci jarrabawar kwalejin likitocin fiɗa ta Afirka ta Yamma, wadda tushenta ya faro a Ibadan a 1960, ko ta kwalejin ƙasa da aka kafa a 1979. Irin waɗannan ba su da yawa, galibinsu kuma a birni suke, a asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. A manyan asibitocin ƙananan hukumomi, irin na Dambatta da Bichi, ake fara zuwa. Abin da za su iya su yi, abin da ya fi ƙarfinsu su ba da takarda a wuce Kano.

Tsoron wuƙa da kakanninmu suke yi yana da dalili. Har a ƙasar Turawa, shekara 200 da suka wuce, ɗaure mutum ake yi a yanka shi yana ihu, da yawa kuma miki ya ruɓe su mutu. A 1846 ne, a birnin Boston na Amurka, aka nuna wa duniya maganin sa barci. A 1867 wani likitan Ingila mai suna Lister ya nuna cewa in an kashe ƙwayoyin cuta a hannu da kayan aiki da bakin miki, ruɓewa takan ragu ƙwarai. Bayan 1880 wani likitan Italiya, Bassini, a garin Padua, ya gano yadda za a ɗinke bangon mara ƙaba ta daina dawowa kamar dā. Yau yawanci wata 'yar raga ake shimfiɗawa a wurin, kamar faci, nama ya tsiro ya riƙe ta. Ragar kamfani tana da tsada, don haka waɗansu likitoci a Indiya suka fara gwada yankin gidan sauro da aka tsabtace da tururi. A 2016 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Uganda da maza wajen 300, aka ga mai arahar ta yi aiki daidai da mai tsadar. Kada wani ya ji haka ya yanko gidan sauronsa ya nufi asibiti. Wanda ke ɗakunanmu da maganin kashe sauro a jikinsa, ba irinsa ba ne.

Yadda aikin yake

In an yi aikin ƙaba tun ba ta shaƙe ba, ƙaramin aiki ne. Za a auna jini da fitsari da hawan jini, a sa rana. Mutum ya gaya wa likita gaskiya: in yana da ciwon sukari, ko tsohon tari, ko wahalar fitsari, ko yana shan taba, ko akwai maganin gargajiya da yake sha. Ranar aiki ba a cin kome tun awa 6 kafin lokaci. Sau da yawa ba a ma sa mutum barci, allura ake yi a wurin ko a gadon baya, ƙasan jiki ya mutu na ɗan lokaci, mutum yana jin maganar ma'aikata amma ba ya jin zafi. Likita ya tsaga kamar tsawon yatsa, ya mayar da hanji, ya rufe kafar, ya ɗinke. Da yawa ran nan ko kashegari suke komawa gida.

Mun san maganar da maza ke yi a ƙarƙashin inuwa, cewa wanda aka yi wa aikin ƙaba ya rabu da iyali, ko ba zai ƙara haihuwa ba. Likita yana ganin jijiyoyin da ke zuwa maraina, yana kuma kauce musu, wannan yana cikin abin da ya yi shekaru yana koyo. Abin da ya fi ɓata wurin shi ne ƙabar da aka bari ta yi girma ko ta shaƙe. Wanda ke da wannan damuwa ya tambayi likita baki da baki, ba abin kunya ba ne. Mata kuma, in kun lura maigida yana dafe mara in zai tashi, ku yi masa magana a ɗaki.

Sai a yi hankali da inda za a kai jiki. Akwai masu sa farar riga su buɗe ɗaki a bayan kemis su ce suna fiɗa da araha. Gwamnatin Jihar Kano tana da hukumar da ke kula da asibitoci masu zaman kansu, ta kuwa sha rufe irin waɗannan wurare. In ba asibitin gwamnati ba ne ko na mishan da aka sani, a nemi ganin takardar rajista.

Bayan aiki, a tashi a riƙa ɗan takawa tun ranar fari, a ci abinci mai ganye domin kada ciki ya ɗaure, a bar mikin a bushe. In ya yi ja, ko yana ruwa, ko zazzaɓi ya zo, a koma. Ƙaramin aiki bayan kamar mako 2, kaya mai nauyi kuwa sai bayan mako 4 zuwa 6, ko yadda likita ya ce.

Wannan lissafi shi ya kawo mu ga lokaci. A ganinmu, ga manomin ƙasarmu ba lokacin da ya kai bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu. Dawa ta shiga rumbu, an sayar da wake da gyaɗa, akwai ɗan abu a hannu, hanya ta bushe. Wanda aka yi wa aiki kafin Kirsimati, ya warke sarai kafin a fara kai taki gona. Masu noman rani a bakin madatsar Watari ko Tomas su duba nasu lissafin, watakila tsakanin dashe da ɗiba, in akwai mai riƙe musu ban ruwa. Abin da ba mu so shi ne mutum ya ce bari in gama wannan damina tukuna, shekara biyar yana faɗin haka. Ƙaba takan shaƙe ne a tsakiyar aiki, sa'ad da hatsi ya ƙare a rumbu, kuɗi ya tafi wajen taki, rafi kuma ya cika.

Akwai ciwon ciki biyu da za mu ambata a gurguje, gama dokarsu ɗaya ce da ta ƙabar da ta shaƙe. Yaron da ya yi mako biyu ko uku yana zazzaɓi, sai farat ɗaya ciki ya murɗa ya yi tauri kamar allo, mai yiwuwa taifot ce ta huda hanji. Daga ruwa marar tsabta take zuwa, ta kuwa fi kama yara da samari. Ciwon da ya fara a cibiya ya gangara ƙasan ciki ta dama, da amai da ƙin abinci, mai yiwuwa afendis ne. Duka biyu, kada a ba da kome ta baki, a tafi.

Mutum huɗu

Mu koma ga karatunmu. Shanyayyen nan na Kafarnahum bai kai kansa ba, mutum huɗu ne suka ɗauke shi, da suka tarar ƙofa ta cika kuwa ba su juya ba, suka hau soro suka buɗe rufin. Markus ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani, tasu su masu ɗaukar. Waɗansu 'yan'uwa suna ganin zuwa wurin likita ƙarancin bangaskiya ne. Ba mu yarda da wannan ba. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, haka Bulus ya kira shi cikin wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa. Masu bi ne suka gina asibitin Galmi a ƙasar Nijar a 1950, har yau ana fiɗa a can ana kuma addu'a. A yi addu'a a cikin mota, ana tafiya.

A 2015 wani kwamitin masana na duniya ya ce mutum wajen biliyan 5 ba sa iya samun aikin fiɗa mai kyau a kan lokaci da kuɗin da za su iya biya. Suka ce abin da ya kamata shi ne kowa ya iya isa, cikin awa 2, asibitin da ke iya buɗe ciki, da fid da jariri, da gyara karayar da ƙashi ya huda fata. Yawancin ƙauyukanmu ba su fi awa 2 da irin wannan asibiti ba in akwai mota a ƙofa. Kwanakin da ke ɓacewa a gida suke ɓacewa, wajen shawara da neman kuɗi. Gina asibiti ya fi ƙarfin ƙungiya, amma wannan bai fi ƙarfinta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na fari kuɗi. Yadda muke tara na taki da na iri, haka za mu buɗe asusun lafiya. Kowane gida ya kawo kwano biyu ko uku na hatsi da kaka, ko abin da taro ya yanke, a ajiye a sayar da bazara sa'ad da farashi ya tashi. Kada a ajiye kuɗin inda sai an jira ranar Litinin ko sai mutum uku sun sa hannu. Wani kashi ya zauna a hannun ma'aji da shugabar zumuntar mata, a iya fitarwa da dare, a yi lissafi daga baya a gaban kowa. Rance ne marar ruwa, a biya da kaka mai zuwa. Gwauruwa da maraya kuwa taro ya duba. Sakatare ya kuma je ya tambayi hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ko ƙungiya za ta iya shiga a dunƙule, da irin ayyukan da suke biya, ya kawo amsa a rubuce.

Na biyu abin hawa. A yi magana da mai mota tun yanzu, a daidaita kuɗi, a rubuta lambar wayarsa a bangon ɗakin sujada, da ta wani in shi ba ya nan. Mai ciwon ciki ba ya jure babur a hanya mai nisa. In hanyar ƙauye ta yanke da damina, a san amalanken wa zai kai shi bakin titi.

Na uku jini. Nan ne mukan ji kunya, gama sau da yawa 'yan'uwa na cika harabar asibiti, da an ce ana neman jini sai kowa ya tuna da wani uzuri. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Jiki yakan mayar da ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran kuma cikin 'yan makonni, lafiyayyen namiji yana iya bayarwa bayan kowane wata 3. Samarin ƙungiya su je tare a auna rukunin jininsu, a rubuta. Maƙwabtanmu Musulmi da masu bin al'adar gargajiya, in abin ya same su, motar nan da jinin nan nasu ne su ma. Rijiya ɗaya muke sha.

Na huɗu gona. Abin da ke hana mutum kwanciya asibiti sau da yawa shi ne tunanin wa zai yi masa aiki. Ƙungiya ta yi alkawari a fili cewa duk wanda aka yi wa fiɗa, za a yi masa gayya, a kai masa taki, in damina ce a yi masa noman fari da maimai, ba tare da ya dafa wa kowa abinci ba.

Kafin taro mai zuwa, a zaɓi dattijo ɗaya mai riƙe asiri da mace ɗaya daga zumuntar mata, waɗanda mai ƙaba zai iya zuwa wurinsu a kaɗaice. Su kaɗai za su san sunaye, taro adadi kawai zai ji. Mutum biyu kuma su je babban asibitin da ya fi kusa da ku su tambayo ranar da ake ganin masu ƙaba, da kuɗin aiki da na gwaji da na raga, da ko akwai likita da wuta da dare. Da wannan adadi da wannan farashi za a san kwano nawa kowane gida zai kawo.